Taswirar wayarka ba ita ce ta ɗan wata ƙasa ba: bin doka ne ko fuska biyu?

Sabi'u:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ashe taswirar Google Maps ba abu ɗaya take nuna wa kowa ba. Wanda ya buɗe ta a Indiya zai ga Kashmir gaba ɗaya a cikin Indiya, an ja layi kai tsaye babu yankewa. Wanda ya buɗe ta daga wata ƙasar zai ga layuka masu ɗigo-ɗigo, alamar ana takaddama a kan wurin. Haka yankin Kirimiya, da Rasha da Yukren ke takaddama a kansa, tun 2014: a Rasha an raba ta da Yukren da cikakken layin iyaka, a Yukren tana nan a matsayin yankin ƙasar, sauran duniya kuma ɗigo-ɗigo suke gani. Wani misalin shi ne Mashigin Tekun Meziko. Trump ya sa hannu a takardar umarni ranar 20 ga Janairun 2025 cewa sunansa ya koma Mashigin Tekun Amurka. Cikin Fabrairu kamfanin Google ya raba abin gida uku: 'yan Amurka na ganin sabon suna, 'yan Meziko na ganin tsohon, sauran mutane na ganin duka biyun.

Tambayata ita ce, wannan bin doka ne ko fuska biyu? Domin ni a sanina ƙasa ɗaya ce Allah ya shimfiɗa, bai kamata hotonta ya zama uku ba.

Kwamared Isiyaku:
Wa alaikumus salam. Fuska biyu ce ƙanena, kada ka wahalar da kanka neman wani suna. Kamfani ne da ke son kuɗin kowa, don haka yake gaya wa kowace gwamnati abin da kunnenta ke son ji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron da ya tashi a Indiya ko a Rasha bai ma san ana jayayya a kan wurin ba. An rufe masa ido, kuma ba a gaya masa an rufe ba.

Barista Nura:
Kwamared, a yi a hankali. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ya buɗe ofis a ƙasa, ya ɗauki 'yan ƙasar aiki, dokar ƙasar ta hau kansa ko yana so ko ba ya so. A Indiya laifi ne a wallafa taswirar da ta saɓa wa iyakokin da gwamnati ta amince da su, kuma ba da wasa suke yi ba. A Afrilun 2015 sun dakatar da tashar Al Jazeera kwana biyar cur saboda taswirar Kashmir. Kafin nan, a 2011, sai da mujallar The Economist ta liƙa farar takarda a kan taswirarta a dubban kwafi kafin a bari ta shiga kasuwar ƙasar. To ka sa kanka a kujerar shugaban kamfani. Ko ka bi doka, ko a rufe manhajar da direbobi da masu kai saƙo da motocin asibiti ke dogaro da ita a ƙasa mai mutum sama da biliyan ɗaya, a kuma gurfanar da ma'aikatanka. Wanne za ka ɗauka?

Kwamared Isiyaku:
Zan ɗauki na uku, Barista: in bi dokar, amma in rubuta ɓaro-ɓaro a jikin taswirar cewa wannan iyakar ra'ayin gwamnatinku ce, wasu ƙasashe ba su yarda da ita ba.

Barista Nura:
Wannan rubutun ma dokar za ta iya kama shi. Gwamnatin da ta hana ɗigo-ɗigo ba za ta bar jimla sukutum ba.

Baba Ɗanlami:
Yara, ina ta karanta ku. Ni tambaya ɗaya gare ni, ku gafarce ni. Layin da aka ja a gilashin waya ya taɓa hana wani barci? Wanda ke da sojoji a wuri ai shi ke da wurin. Taswira ta ce fari ko ta ce baƙi, ban ga abin da zai ragu ko ya ƙaru ba.

Malama Hauwa:
Baba, Allah ya ƙara girma, ya taɓa hanawa kuwa. Bari in ba ka labarin 2010.

Tsakanin Nikaraguwa da Kosta Rika akwai kogin San Juan. Wata yarjejeniya ta 1858 ta ba Nikaraguwa kogin kansa, ta bar wa Kosta Rika gaɓar kudu a ɓangaren da ya gangaro zuwa teku. A ƙarshen 2010 Nikaraguwa na aikin yashe kogin, ta ɗora wani tsohon kwamandan 'yan tawaye mai suna Edén Pastora a kan aikin. Sai ga sojojin Nikaraguwa sun kafa sansani a wani yanki mai fadama kusa da bakin kogin, wanda Kosta Rika ke ɗauka nata ne. Da wata jaridar Kosta Rika ta tambayi Pastora dalili, sai ya ce a je a duba taswirar Google, za a ga wurin a ɓangarensu yake. Aka duba, aka tarar haka ne. Kamfanin ya fito ya amsa cewa layinsa ya kauce da kusan kilomita 2.7, ya ce bayanan daga ma'aikatar harkokin wajen Amurka ya samo su, sannan ya gyara.

Ka tuna fa Baba, Kosta Rika ba ta da rundunar soja, ta rushe ta tun 1948. 'Yan sanda kawai ta iya turawa. Sai ta kai ƙara Kotun Duniya. Hukunci bai fito ba sai Disambar 2015, inda kotun ta ce wurin na Kosta Rika ne. A 2018 kuma ta umarci Nikaraguwa ta biya diyyar sama da dala 378,000, har da ta ɓarnar da aka yi wa itatuwa da fadamar. Shekara biyar ana shari'a kafin a san mai wuri.

Baba Ɗanlami:
Ikon Allah. To Malama, da ba a yi kuskuren layin ba, sojojin ba za su shiga ba ke nan?

Barista Nura:
Nan ne nake so a tsaya, Baba. Za su shiga. Rigimar kogin nan ta girmi intanet da sama da shekara ɗari. Babu kwamandan da zai kwashi sojoji ya ƙetare iyaka don ya ga zane a kwamfuta. Pastora hujja ya nema ya samu a arha. Kuma da aka je kotu, ba taswirar waya aka shimfiɗa a gaban alƙalai ba, yarjejeniyar 1858 aka buɗe, da hukunce-hukuncen masu sulhu da suka biyo bayanta.

Malama Hauwa:
Gaskiya ne Barista, ban ce taswira ce ta haifi rigimar ba. Amma ka lura da abin da mutumin ya zaɓa ya nuna wa duniya. Bai ɗauko takardun gwamnatinsa ba, domin ya san za a ce nasu ne. Ya ɗauko abin da mutane ke gani kamar ba ya ɓangaren kowa. Wannan yardar da jama'a suka ba taswirar ita ce ƙarfinta, kuma ita ce dalilin da ya sa gwamnatoci ke kokawa a kanta. Ina koyar da labarin ƙasa, ina gani da idona: in littafi ya faɗi abu, waya ta faɗi wani, ɗalibai wayar suke bi.

Zainab:
Salam. Bari in shigo ta ɓangaren da na sani, tunda aikin manhaja nake yi. Sabi'u, yadda ake gane ƙasar da kake ba wani sihiri ba ne. A waya ana duba layin da ke ciki, da hanyar sadarwar da ka hau, da ƙasar da aka saita wayar a kai. A kwamfuta kuma ana duba yankin da ka zaɓa a saitin bincike ko inda na'urar take. Shi ya sa mutum zai sauka daga jirgi a wata ƙasa, ya sa sabon layi, ya ga iyaka ta sauya.

Amma abin da nake so mutane su sani shi ne, ko babu siyasa, taswirar nan tarin bayanai ne da aka kwaso daga wurare daban-daban, wasu sabbi, wasu sun tsufa tukuf. Misali, akwai wani tsibiri da ake kira Sandy, tsakanin Ostireliya da Sabuwar Kaledoniya, yankin da ke ƙarƙashin Faransa. Yana cikin taswirori masu yawa, har da Google Earth, dogo mai tsawon sama da kilomita 20. A Nuwambar 2012 wasu masana kimiyya 'yan Ostireliya da ke cikin jirgin bincike suka ga taswirorinsu ba su yi daidai da juna ba a kansa, suka ce bari su je su gani. Suka ratsa ta tsakiyar inda aka ce tsibirin yake, babu ko tudun yashi, ruwa ne mai zurfin kusan mita 1,400. Da aka bi sawu, sai aka ga labarin ya samo tushe daga wani jirgin masu farautar manyan kifayen teku da ya ce ya hango shi a 1876. Daga nan mai zane ya kwafa daga mai zane, har ya faɗo cikin kwamfuta.

Sabi'u:
Anti Zainab, wato sama da shekara 130 ana zana abin da babu shi? Kuma tauraron ɗan'adam bai tona ba?

Zainab:
Hoton tauraro da layin gaɓa abubuwa biyu ne daban, ba tare ake haɗa su ba. Layin gaɓa daga tsofaffin bayanai yake zuwa. Shi ya sa a wurin baƙin tabo kawai ake gani, tsarin na cewa akwai ƙasa, hoton kuma bai kawo komai ba. Faransawa ma sun cire shi daga taswirar jiragensu tun shekarun 1970, amma gyaran bai isa ga sauran ba.

Wannan bai cutar da kowa ba. Ga wanda ya cutar. Akwai wani kamfani a Amurka, MaxMind, aikinsa shi ne ya ce wannan lambar intanet ɗin, wato lambar da na'ura ke hawa intanet da ita, daga wuri kaza take. In bai san garin ba, ya san dai a Amurka take, sai ya ajiye ta a wani wuri da ya zaɓa a tsakiyar ƙasar. Don sauƙi suka ɗauki cikakkun lambobin da ke nuna wuri a taswira, 38 arewa da 97 yamma. Ashe daidai nan gonar wasu bayin Allah ce a jihar Kansas. Lambobin intanet sama da miliyan 600 suka koma suna nuna gidan nan. Wanda aka damfara ya bincika, ya ga gidan. 'Yan sanda na neman motar sata ko yaron da ya gudu daga gida, su zo gidan. Jami'an tsaro na tarayya, motocin asibiti, mutane masu fushi cikin dare, duk suna buga ƙofa, mutanen gidan kuma ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Shekaru suna cikin wannan hali, sai a 2016 wata 'yar jarida ta gano musababbin. Bayan nan kamfanin ya mayar da wurin tsakiyar wani tafki.

Baba Ɗanlami:
Subhanallahi. Wannan ya fi taɓa ni a kan rigimar gwamnatoci. Mutum na zaune a gidansa, wani da bai taɓa gani ba ya rubuta lamba biyu, ya hana shi sakat. Allah ya isar musu.

Ummi:
Ina wuni iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce, yau na fara magana a zauren nan. Anti Zainab, na taɓa ganin hotuna da aka ce an ɗauka a tsakiyar teku kusa da Afirka ta Yamma, alhali hotunan cikin gari ne. Shi ma irin wannan ne?

Zainab:
Shi ne Ummi, sannu da zuwa. Inda layin da ya raba duniya arewa da kudu ya haɗu da wanda ya raba ta gabas da yamma, mai ratsa Greenwich ta Ingila, nan ne sifili da sifili. Wurin yana cikin teku, kimanin kilomita 600 kudu da gaɓar Ghana. In na'ura ta kasa samun inda take, wasu manhajoji sai su cike gurbin da sifili, sai hoton ko adireshin ya faɗa can. Masu aikin taswira har suna suka raɗa wa wurin kamar tsibirin gaske, don su riƙa gane bayanan da suka ɓace.

Sabi'u:
Tunda an shiga abubuwan mamaki, ga wani da na gani. Tsakanin Masar da Sudan akwai wani fili da ake kira Bir Tawil, wai babu ƙasar da ke son sa. Kowa na faɗa a kan ƙasa, su kuma suna tura wa juna. Malama, yaya aka yi haka?

Malama Hauwa:
Ba ƙin sa suke yi don Allah ba, Sabi'u, lissafi ne. Turawan Ingila sun ja layi biyu. Na farko a 1899, miƙaƙƙe a kan ma'auni na 22 arewa. Na biyu a 1902, na gudanar da mulki, wanda ya ɗan karkace don ya bi yadda ƙabilun wurin ke kiwo. Layukan biyu sun gitta juna, sai suka fitar da yanki biyu. Ɗaya shi ne Hala'ib, babba, sama da murabba'in kilomita 20,000, yana bakin Bahar Maliya, da garuruwa da mutane. Ɗayan shi ne Bir Tawil, kusan murabba'in kilomita 2,060, hamada da duwatsu, babu teku babu gari.

In ka bi layin 1899, Hala'ib na Masar ne, Bir Tawil na Sudan. In ka bi na 1902, Hala'ib na Sudan ne, Bir Tawil na Masar. Don haka Masar ta riƙe 1899, Sudan ta riƙe 1902. Duk wadda ta ce Bir Tawil nata ne ta amince da layin da zai raba ta da Hala'ib ke nan. Shi ya sa kowacce ta zana taswirarta ta bar shi a waje.

Sabi'u:
Yanzu na gane. Na kuma karanta cewa a 2014 wani Ba'amurke ya je ya kafa tuta a can, ya ce ya kafa masarauta don 'yarsa ta zama gimbiya.

Kwamared Isiyaku:
Kuma jaridu suka yi ta yaɗa shi kamar labarin ban sha'awa. Ni raina ya ɓaci da na gani. Wurin fa ba kango ba ne. Makiyayan Ababda na ratsa shi da dabbobinsu tun kafin a haifi wanda ya ja layin, saboda su ma aka karkata layin 1902. Mutum ya zauna a gaban kwamfuta a wata nahiya, ya ga babu sunan gwamnati a wuri, sai ya yanke cewa babu mai shi. Da wannan tunanin aka raba nahiya guda a taron Berlin na 1884 zuwa 1885, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Taswira ba ta nuna makiyayi, ba ta nuna rijiyarsa, don haka wanda ya dogara da ita kaɗai sai ya ɗauka babu su.

Barista Nura:
A nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. A dokar ƙasa da ƙasa ma, mutum ɗaya ba ya kafa ƙasa da tuta. Babu gwamnatin da ta kula shi.

Ummi:
Malama, wata tambayar kuma. Gaskiya ne an ƙanƙantar da Afirka a taswira da gangan? Ina yawan ganin ana faɗa.

Kwamared Isiyaku:
Da gangan mana. Ki dubi tsibirin Girinland, ki dubi Afirka, kamar girmansu ɗaya. Alhali Afirka ta ninka ta sau 14.

Malama Hauwa:
Lissafinka daidai ne Kwamared, Afirka ta kai murabba'in kilomita miliyan 30, Girinland kuwa miliyan 2 da 'yan kai. Za a zuba Amurka da Sin da Indiya a cikin Afirka, fili ya ragu. Amma maganar ganganci ban yarda da ita yadda ake faɗa ba, kuma ba na so Ummi ta tafi da ita.

Ummi, ki ɗauki ɓawon lemo ki yi ƙoƙarin shimfiɗa shi a faranti. Dole ya yage ko ki ja wani gefen. Haka duniya take, dunƙulalliya ce, duk wanda zai kwantar da ita a takarda sai ya sadaukar da wani abu, ko girma, ko siffa, ko kusurwa. Gerardus Mercator ya fitar da tasa a 1569 saboda matuƙan jiragen ruwa. Abin da ya kiyaye shi ne kusurwa, ta yadda matuƙi zai ja miƙaƙƙen layi daga tasha zuwa tasha, ya saita kamfas a kai, ya isa. Farashin haka shi ne duk abin da ya yi nisa da tsakiyar duniya sai ya kumbura. Ba Turai kaɗai ba, yankin ƙanƙara na kudu ma ya kumbura fiye da kowa, kuma babu wanda ke mulki daga can.

Inda laifin yake shi ne ɗaukar taswirar matuƙa a rataye ta a bangon aji shekara da shekaru, alhali akwai waɗanda suka fi ta dacewa da koyarwa. Wannan sakaci ne da ya yi wa masu ƙarfi daɗi, shi ya sa ba su yi gaggawar gyarawa ba. A Agustan 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan kiran a koma amfani da taswirar Equal Earth, wadda aka fitar a 2018, mai nuna girman ƙasashe daidai. Ina goyon bayan wannan da zuciya ɗaya.

Zainab:
Ƙari a kan na Malama: dalilin da ya sa taswirorin waya suka riƙe tsarin Mercator shi ne in ka zuƙo unguwa, titunan da suka haɗu a kusurwa suna fitowa yadda suke, ba sa karkacewa. Kuma tun 2018, in ka buɗe Google Maps a kwamfuta ka ja baya sosai, za ka iya ganin duniyar a dunƙule.

Kwamared Isiyaku:
Na ji bayanin Malama, kuma na gode. Amma sakacin da ya shekara ɗaruruwa yana amfanar ɓangare ɗaya, ni a wurina ya daina zama sakaci.

Mu koma kan tambayar Sabi'u, domin Barista bai gama da ni ba. Ka ce doka ce ta tilasta su a Indiya. To a Amurka wace doka ce ta tilasta su? Umarnin Trump hukumomin gwamnatin tarayya ya shafa, bai hau kan kamfani mai zaman kansa ba. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ce zai ci gaba da amfani da sunan da aka san wurin da shi sama da shekara 400, tare da ambaton sabon. Aka hana wakilansa shiga ofishin shugaban ƙasa da jirginsa, suka tafi kotu. Su da ba su kai Google kuɗi ba sun tsaya. Shi kuwa cikin sati uku ya sauya.

Barista Nura:
Tambaya mai kyau. Amsar kamfanin ita ce yana da tsohuwar ƙa'ida: in aka sauya suna a rumbun sunayen wurare na gwamnati, shi ma yana sauyawa ga mutanen ƙasar. Kuma sai da aka sauya a rumbun sannan ya bi. Ni ina ganin amfanin ƙa'ida irin wannan. In ba ita, to ma'aikatan wani kamfani da ke Kalifoniya ne za su zauna su yanke wa duniya wane suna ne halattacce, wace gwamnati ce ta cancanci a saurare ta. Kwamared, kai da kake ƙorafin taron Berlin, za ka so a miƙa musu wannan alƙalamin?

Kwamared Isiyaku:
Alƙalamin yana hannunsu tuni, Barista. Wa ya yanke cewa ni da ba Ba'amurke ba, ba ɗan Meziko ba, sai na ga sunaye biyu? Gwamnatin ƙasata ba ta sauya komai ba. Su suka yanke.

Malama Hauwa:
Nan Kwamared ya kama wani abu. Ita ma shugabar Meziko, Claudia Sheinbaum, ba cewa ta yi Amurka ba ta da ikon raɗa suna ba. Cewa ta yi ikon ya tsaya a ɓangaren tekun da ke ƙarƙashin Amurka, bai kai ruwan Meziko da na Kuba ba, don haka kuskure ne a shafa sunan a kan mashigin gaba ɗaya. Ta rubuta wa kamfanin, daga baya a watan Mayun 2025 ta sanar cewa sun shigar da ƙara. Kuma kada mu ɗauka yin shiru mafita ne. A 2012 kamfanin ya bar Tekun Fasha babu suna sam, don kauce wa rigimar Iran da ƙasashen Larabawa, sai Iran ta yi barazanar kai shi kotu saboda shirun.

Baba Ɗanlami:
To in ka rubuta laifi, in ka bari laifi. Babu wata taswira da jama'a ke yi da kansu, ba kamfani ba gwamnati?

Zainab:
Akwai Baba, sunanta OpenStreetMap, an fara ta a Ingila a 2004. Kowa na iya yin rajista ya zana titi ko ya gyara suna. Ta yi rana sosai lokacin girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, inda masu sa-kai daga ko'ina suka zana titunan babban birnin cikin 'yan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da ita. Ƙa'idarsu ita ce a zana abin da ke ƙasa a zahiri, wato wanda ke riƙe da wuri. Amma ka ga wannan ma hukunci ne, domin yana iya zama lada ga wanda ya ƙwace da bindiga. A 2018 maganar Kirimiya ta raba kan masu aikinta sosai. Buɗe ƙofa ga kowa kuma na da nasa haɗarin. Google ma ya taɓa barin jama'a su yi gyara ta wani shiri mai suna Map Maker, sai a 2015 wani ya zana hoton cin mutuncin kamfanin Apple a kusa da Rawalpindi ta Pakistan, ya wuce ba a lura ba. Aka dakatar da shirin, a 2017 aka rufe shi.

Sabi'u:
To ni dai bayan duk wannan, na fi karkata ga shawarar Kwamared ta farko. A bi doka in dole ne, amma a sanar da mutum cewa abin da yake gani an tace shi saboda ƙasar da yake.

Zainab:
Ta fuskar aiki ba shi da wahala ko kaɗan. Tsarin ya riga ya san wace iyaka ce ke da siga fiye da ɗaya, tunda shi ke zaɓar wadda zai nuna. Ƙara 'yar alama da za a taɓa a ga bayani ba zai ɗauki injiniyoyinsu dogon lokaci ba. Bayanin cewa iyakoki na bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa yana nan a shafukansu na taimako, sai dai mutum nawa ne ke shiga can?

Barista Nura:
A ƙasashen da doka ba ta hana ba, na yarda a yi, kuma babu uzurin rashin yi. A inda ta hana, ina nan a kan bakana. Ba zan ce wa kamfani ya jefa ma'aikatansa cikin shari'a ba, alhali masu ba da shawarar suna zaune lafiya a wata ƙasa.

Kwamared Isiyaku:
To su fara da inda ba a hana ba mu gani. Babu dokar da ta hana su sa alamar a Amurka ko a Meziko, inda kowane ɓangare ke ganin suna ɗaya tak. In sun yi a can, sai mu dawo mu yi maganar Indiya da Rasha, Barista.